Zaɓen Giyabos a Kano: Gyara, Ɗan Beljiyam ko Ɗan Gida?

Kafin mai mota ya nufi kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa da kuɗinsa, ya kamata ya tabbatar cewa giyabos ɗin ne ya mutu, domin sau da yawa fizga ko jinkirin shiga giya a motar otomatik yakan samo asali ne daga lalacewar sensa, ko ƙarancin mai, ko matsalar waya. A sa wa motar kwamfuta tukuna, sannan a zare kaskon ƙasa a duba. Man da ya yi baƙi yana ƙauri, ga burbushin ƙarfe a kwance, shi ne shaidar cewa cikin ya cinye.

Buɗe tsohon a gyara ya fi sauƙin kuɗi idan ɓarnar ba ta yi nisa ba, amma aikin yana buƙatar bakaniken da gyaran giyabos ne sana'arsa, kuma irinsu ba su da yawa. Sabo fil daga kamfani kuwa, farashinsa kan kusanci darajar tsohuwar motar kanta, don haka ba kasafai ake maganarsa ba.

Yawancin ciniki yana tsayawa ne tsakanin ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga mota a ƙasar waje, da ɗan gida da ya riga ya sha hanyoyinmu da zafinmu. A ganina ɗan Beljiyam ya fi, sai dai wanki da fenti kan mayar da ɗan gida baƙo, shi ya sa ake duba kawunan notuna ko sifana ta taɓa cin su, da gefen murfi ko an shafa gam. Sannan dole lambar giyabos ɗin ta dace da ta tsohon. Camry ta 2007 mai silinda huɗu giya biyar gare ta, mai silinda shida kuma giya shida, kuma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya; ko soket ɗin waya sai an ƙirga filoginsa an gwada da na tsohon. Corolla ƴar Amurka daga 2014 galibi CVT ce, wato giya marar matakai, wadda ba ta karɓar man otomatik na yau da kullum.

Abin da ya fi rangwame muhimmanci shi ne garanti. A rubuta a rasit kwana nawa aka bayar, a kuma sa ƙirgen ya fara daga ranar da aka ɗaura, ba ranar saye ba, tare da bayyana wanda zai biya kuɗin aiki idan aka mayar. Ɗan kasuwar da ya ƙi rubutawa, gara a wuce shagonsa.

Ranar ɗaurawa a wanke bututun da ke kai mai lagireto, don dattin tsohon kada ya shiga sabon, a kuma zuba man da kamfani ya ƙayyade, kamar WS ga waccan Camry ko DW-1 ga Honda mai otomatik na yau da kullum.