Makonni shida a ajin Turanci na yamma a Ƙofar Ƙaura

Dalili guda ne ya sa na yi rajista a wata cibiyar koyar da Turanci da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina: wasiƙun da nake rubutawa a wurin aiki suna dawo mini da jan biro, kuma kusan duk gyaran a kan waƙafi yake. Ana shiga aji bayan La'asar a tashi kafin Magariba, yawancin ɗaliban kuwa matasa ne masu shirin jarrabawar WAEC da NECO, sai mu ma'aikata 'yan ƙalilan.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamin ya fara da Hausa, ba da haddar ƙa'idoji ba. Ya rubuta a allo: "Na je kasuwa, na sayi gero." Ya ce a Hausa jimlar lafiyarta ƙalau, domin harshenmu yana jera aiki bayan aiki ba tare da mahaɗi ba, kalmar "da" kuwa sunaye take haɗawa, ba jimloli ba. Amma wanda ya rubuta "I went to the market, I bought millet" ya yi kuskure, saboda a Turanci waƙafi shi kaɗai ba ya riƙe ganguna biyu masu cin gashin kansu, wato sassan jimla da kowannensu zai iya tsayawa a matsayin cikakkiyar jimla. Sai dai a sa aya, ko waƙafi mai ruwa (;), ko kuma waƙafi tare da ɗaya daga cikin mahaɗai bakwai: for, and, nor, but, or, yet, so. A ranar na gane cewa shekara da shekaru tsarin Hausa nake rubutawa da kalmomin Turanci.

Nau'o'in jimla huɗu, wato sassauƙa da harɗaɗɗiya da sarƙaƙƙiya da wadda ta haɗa biyun ƙarshe, mako ɗaya ya ishe su. Inda aka daɗe shi ne ganga dogarau, wato sashen jimla da ba ya tsayawa shi kaɗai, wanda ke farawa da kalmomi irin su because, although, if da when. Idan ya zo a farkon jimla waƙafi na biye da shi, idan ya zo a ƙarshe galibi ba a sa komai. Nan ma malamin ya sake kamo mu, domin mun saba cewa "ko da yake ya gaji, amma ya zo", sai mu haɗa although da but a jimla guda, alhali Turanci ɗaya kawai yake ɗauka.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Ajin ya cika fiye da kima, har aikin gida kan yi mako bai dawo ba, rubutu kuwa ba ya gyaruwa sai an duba shi. Haka kuma malamin ya dage cewa sa waƙafi kafin and a ƙarshen jerin abubuwa kuskure ne, alhali maɗaba'ar Jami'ar Oxford tana sa shi, a Amurka ma ya zama ruwan dare. Da ya ce a zaɓi salo ɗaya a tsaya a kansa, da ya fi adalci ga ɗalibai.

Mai shirin jarrabawa zai amfana ƙwarai. Ma'aikaci kuwa ya riƙa zuwa da wasiƙunsa na ofis, domin malamin yakan tsaya bayan an tashi ya duba su layi-layi.