Kwabban Rumawa a kasuwar York

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ka gaida Inna da yara.

Ka tambaye ni abin da ke da araha a Ingila. To, abinci da haya dai sai addu'a. Abin da na samu da arha shi ne kwabban tagulla na Rumawa, masu shekara kusan 1,700. A kasuwar masu tara tsoffin kuɗi da ke ci a filin sukuwa na York, akwai kwanon da za ka zaɓi ɗaya a kan 'yan fam kaɗan. Yawansu ne ya karya farashin: a 2010 wani mai na'urar gano ƙarfe ya ci karo da tulu a Frome, cike da kwabbai 52,503.

Aikin yana wajen ganewa. Fuska ɗaya kan sarki ne da sunansa kewaye da shi. Nawa na Kustantin ne, wanda sojoji suka naɗa a nan York a 306. A bayan kwabon sojoji biyu ne riƙe da masu, tutoci a tsakaninsu, an rubuta GLORIA EXERCITVS. Can ƙasa akwai ƙananan haruffa masu nuna garin da aka buga shi: TR na Trier ne a Jamus, PLN na Landan. Manya masu nauyi na sarakunan farko, masu alamar SC, in sun yi kyau sai mai hali. Koren tsatsar da ke jiki kuwa ba a gogewa, don ita ce rabin kuɗinsa. Da Inna za ta same shi, da toka ta gama da shi.

Dillali zai ba ka rasit, da alkawarin mayar da kuɗinka in ya zama jabu. A intanet kam, sai ka buɗe ido. Wanda ya tono da kansa yana iya kai wa jami'an da ke aiki ƙarƙashin British Museum, babban gidan tarihi da ke Landan, su gane masa kyauta. In tagullar ta kai goma daga wuri ɗaya, doka ta ce a sanar cikin kwana 14. Gidan tarihi in yana so ya biya, mai tono da mai gona su raba. 'Yan'uwanmu na Italiya sun ce can abin da ya fito daga ƙasa na gwamnati ne.

Gwangwanin anini da kwabo masu huda da ke ɗakin Baba, don Allah kada a ba 'yan gwangwan. Na ga irinsu a tebur ɗaya da na Rumawa, kowanne cikin 'yar leda da farashinsa.