Gargaɗi kan garin "warkar da farfaɗiya" da ake tallatawa a Tahoua

Jama'a, akwai wani talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp na nan Tahoua, inda wani mai kiran kansa masanin abinci yake sayar da gari a cikin leda marar suna, marar kwanan wata, yana cewa idan aka dama wa mai farfaɗiya safe da yamma ciwon zai tafi har abada. Sai an tura masa kuɗin da ya kusa na buhun hatsi kafin ya aiko da kayan ta tashar mota, kuma sharaɗinsa shi ne marar lafiya ya ajiye ƙwayoyin asibiti, wai suna karya ƙarfin garin.

Wannan sharaɗin ya fi cin kuɗin muni. Magungunan farfaɗiya irin su Gardénal da Tégrétol da Dépakine ba a yanke su farat ɗaya, domin hakan na iya jawo faɗuwa a jere wadda mutum ba ya dawowa hayyacinsa a tsakani, kuma tana iya kai wa ga rasa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya zama ba faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.

Mutumin yana fakewa da sunan tsarin abincin keto. Tsarin kam gaskiya ne, Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ne ya fito da shi a 1921, amma abinci ne mai yawan maiƙo wanda ake rage hatsi da sukari ƙwarai a cikinsa. Galibi ana yi wa yaran da magani ya kasa tsayar musu da faɗuwa, ana auna kowane cin abinci a sikeli, likita na duba jini da fitsari saboda tsarin yana iya kawo tsakuwar ƙoda da jinkirin girma. Duk wanda ya buɗe ledar nan kuwa, ƙamshin soyayyen gero da dabino ne zai doke shi, wato ainihin abin da tsarin ya hana.

Mai farfaɗiya yana iya cin tuwo da fura a kwano ɗaya da iyalinsa, domin ciwon ba a ɗaukarsa ta yawu. Abin da ake so shi ne cin abinci a kan lokaci, isasshen barci, da nisantar giya. Wanda ya riga ya ajiye ƙwayoyinsa saboda wannan gari, a kai shi asibiti yau tare da ledar, likita ya faɗi yadda za a koma kan maganin.