Mun je saboda yatsa, sai ga maganar zuciya

Salam jama'a, bari in ba ku labarin sashen gwajin cututtukan gado da muka kai 'yata, ko wani zai amfana. An haife ta babban yatsanta na hagu ɗan siriri kamar tsinke, ba ya kama komai sai reto kawai yake. Kowa ya gani sai ya ce ai irin su cindo ne ba komai, to cindo ƙari ne, ita kuwa nata ragi ne, hankalina bai kwanta ba sam.

Gaskiya likitar ta burge ni. Ta juya hannun yarinyar ta duba har gwiwar hannu, can sai ta ce Abbanta ya miƙo nasa, shi har dariya ya yi wai shi me ya kawo shi ciki. Ashe babban yatsansa gaɓa uku gare shi kamar sauran yatsu, alhali biyu ya kamata, shekara nawa muna tare wallahi ban taɓa lura ba! Nan take ta tura su hoton zuciya su biyun, shi lafiya lau, ita kuma aka ga ɗan rami tsakanin ɗakunan zuciyarta na sama.

Ta zaunar da mu ta zana mana a takarda, ta ce tana zargin ciwon Holt-Oram, sunan wasu likitocin Ingila biyu ne, Mary Holt da Samuel Oram, da suka bayyana ciwon a 1960. Wata ƙwayar gado ce TBX5, ita ke aikin ginin hannu da zuciya tun jariri na ciki, shi ya sa in ta samu tangarɗa sai ta taɓa duka biyun, kuma in uba ko uwa na da wannan tangarɗar kowane ciki akwai yiwuwar kashi 50 cikin 100 ɗan ya gada. Ta sa an ɗebi jini ma don a tabbatar ba Fanconi ba ne, wanda shi kuma yatsa da ɓargo yake kamawa.

Inda suka ba ni haushi wajen sakamako ne. Kusan wata uku muna jira, ka kira waya ba mai ɗauka, ranar da ya fito kuma aka miƙo mana takarda cike da turancin likitoci ba wanda zai fassara, sai da muka sake bin layi tukunna muka ga likitar. Ɗakin jiran ma ya yi kaɗan, mai goyo a tsaye.

Duk da haka tauraro 4 cikin 5 na ba su. Holt-Oram ɗin ne kuwa. Yanzu sun haɗa mu da likitan zuciya, da mai fiɗar hannu da ya ce za a iya juyo manuninta ya zama babban yatsa, wata mai zuwa za mu koma in sha Allahu.