Gwajin DNA na jini kan ƙarin saman ƙoda: ya yi amfani, amma ba inda talla ta nuna ba

Duk wanda aka ce an ga ƙari a glandarsa ta adirinal, 'yar tsokar nan da ke zaune saman kowace ƙoda, tambaya ɗaya ke hana shi barci: ciwon daji ne ko ba shi ba ne? Gwajin DNA na jinin da na yi bai amsa wannan ba, ko da yake takardar tallar ɗakin gwajin ta so ta nuna zai amsa. Hoton CT da awon sinadarin metanefrin su suka gano nawa feokromositoma ne, ƙarin da ke kwarara adirinalin cikin jini. Shi ke sa ni ciwon kai da zufa da bugun zuciya, jini ya hau ya sauka ba dalili. An cire shi, bai bazu ko'ina ba.

Abin da gwajin ke karantawa shi ne gadon da aka haife ka da shi. A irin wannan ƙari gado na da ƙarfi, wajen mutum ɗaya cikin uku, shi ya sa tun 2014 ƙungiyar Endocrine Society ta ce a yi wa kowane mai shi maganar gwajin. Nawa ya duba ƙwayoyin gado irin su RET, VHL, NF1, SDHB da SDHD, kuma kowacce da inda take nunawa. SDHB tana ƙara haɗarin bazuwa. VHL tana sa a riƙa duba ƙoda da ido. SDHD kuwa galibi sai an gaje ta daga uba take bayyana. Tawa RET ce, wadda ke tafiya da dajin glandar tayirod a maƙogwaro. Da ba don gwajin ba, wa zai duba wuyan mutumin da ya zo da ƙari a ciki? Yanzu an auna mini kalsitonin, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan akwai irin wannan dajin, an haɗa ni da likitan tayirod.

Ɗiban jinin ba wahala, 'yar kwalba ɗaya, ba sai da azumi ba. Jiran sakamako ne ya ɗauki makonni. Abin da ya ɓata mini rai, sun turo rahoton ta imel kafin ranar ganin mai ba da shawara kan cututtukan gado, shafuka cike da lambobi da haruffa, na kwana ina lalube a intanet ina tsorata kaina. Wannan sakaci ne, su gyara.

Ita mai ba da shawarar ta wanke musu laifi. Ta zauna ta zana danginmu a takarda, ta yi ta tambaya har muka iso kan gwaggona da aka taɓa yi wa aiki a wuya, kowa ya ɗauka maƙoƙo ne kawai. Ta faɗa mini ba kwana-kwana cewa kowane ɗa nawa rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba.

Masu wani ƙarin na adirinal da ke fitar da aldosteron, sinadarin da yawansa ke hawar da jini, cutar da Jerome Conn ya bayyana a 1955, su yi hattara da wannan talla. Sauyin DNA da aka fi samu a nasu, kamar na KCNJ5 da masana a Jami'ar Yale suka gano a 2011, yawanci a cikin ƙarin kaɗai yake, gwajin gado ba ya ganinsa. Kamo ɓurɓushin DNA da ƙari ke zubarwa cikin jini kuma har yanzu bincike ne, don ƙarin da ba na daji ba kaɗan yake zubarwa. Su dai masu ƙarin aldosteron, ɗiban jini daga jijiyoyin glandar shi ke nuna ko ta dama ce ko ta hagu.

A gidanmu ƙanena ya yi gwajin, nasa ya fito babu. Yayata ta ce ba ta son sani, kuma har yau muna kan maganar saboda 'ya'yanta.