Ɗan shekara huɗu: iyo ko ƙwallo?

'Yar uwa, tsakanin ƙwallo da iyo da kike shawarar sa yaronki mai shekara huɗu, ki kai shi iyo. Duka biyun na gwada a gidana. Ɗaya ya shiga raina, ɗayan kuma har yau ina jin ciwon kuɗin da na zuba a kai.

'Yata ta biyu ce ta fara iyo, tana da shekara huɗu da 'yan watanni. Yarinya ce mai tsoron ruwa matuƙa, ko wanka ake mata ruwa ya taɓa fuskarta sai an ji kukanta har maƙwabta. Mun samu malama mace a wani wurin ninkaya a nan Kano, yara huɗu kawai take ɗauka a lokaci guda, minti talatin, Asabar da Lahadi. Sati uku na farko ban ga abin da zan kira iyo ba. Su riƙe bakin tafki su yi ta buga ƙafa, su sa baki a ruwa su hura har ya yi kumfa, a watsa musu ruwa a ka ana waƙa. Har na yi wa malamar ƙorafi, na ce yaushe za a fara karatun. Ta ce mini wannan ɗin shi ne karatun, domin yaron da bai saba da ruwa a fuskarsa ba, da zarar ya faɗa ruwa firgita yake yi ya buɗe baki, kuma firgitar ce take cin yara. A wata na biyu ta fara kwantar da su rigingine, tafin hannunta a ƙarƙashin ƙeyarsu. Wata Asabar ina zaune a gefe na ga ta zare hannun a hankali. Yarinyata tana kwance a kan ruwa ita kaɗai, idonta na kallon sama, kunnuwanta a cikin ruwa, tana ƙirga ɗaya zuwa goma da ƙarfi. Da ta kai goma ta ɗago ta ce, "Umma, kin gan ni?" Wallahi sai da na yi ƙwalla. Daga ranar wanka ya daina zama rigima a gidanmu, kuma duk ranar da aka je iyo takan ci abinci sosai ta yi barci da wuri.

Abin da ya sa iyo ya dace da wannan shekarun, babu jiran layi mai tsawo, babu dokokin da sai an haddace, babu wanda ya ci babu wanda aka cinye. Yaro da jikinsa ne kawai, da malamin da ke riƙe da shi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce yawancin yara in sun kai shekara huɗu sun isa koyon iyo, amma wasannin ƙungiya masu dokoki sai wajen shekara shida suke fara gane su. Sannan akwai abin da ya fi wasa nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu da muke zaune cikin kududdufai da rijiyoyi da ramukan gini da ke cika da damina, ba sai an kawo mana lissafi daga waje ba, kowace unguwa tana da gidan da aka yi wannan rashin. Ga kuma maganar nan da ake jinginawa ga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Ita ce ma ta sa maigidana ya amince ba tare da doguwar magana ba.

Ƙwallo kuwa, babban ɗana na sa yana shekara huɗu, na biya kuɗin wata uku, na sayi jesi da but. Yara sun fi ashirin, koci ɗaya, an haɗa su da 'yan shekara takwas, rabin lokacin a tsaye cikin rana suna jiran a zo kansu. Sati na uku ƙwallo ta buge shi a fuska, ya ce ba zai koma ba, kuma bai koma ba. Sai da ya kai shekara bakwai ya nema da kansa, yanzu kam yana bugawa. Abin da zan yaba wa ƙwallo shi ne araha da kusa. To in haka ne ki saya masa ƙarama, mai lamba 3, ya buga a tsakar gida da 'yan uwansa, ya ishe shi. Ai ita Hukumar Lafiya ta Duniyar, a shawarar da ta fitar a 2019, cewa ta yi ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu motsa jiki na minti 180 a rana, 60 daga ciki na guje-guje da tsalle-tsalle. Wannan ba darasin Asabar ne zai cika shi ba, wasan gida ne, ɓuya da langa da tsere. In kuma babansa ya dage sai ƙwallon, ki sa ido kada a sa shi buga ta da ka. A Amurka tun 2015 aka hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa yin hakan.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa miki, ki yi hattara da masu cin kuɗin iyaye. Akwai masu buɗe makarantar ƙwallo su ce miki suna da hanya a Turai, ki biya kuɗin fom, ki biya kuɗin kati, ki biya na hoto, wai ana ajiye sunan yaro tun yana ƙarami. Ƙarya ce. Dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Ahmed Musa kansa, bayan ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ɗaya a Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya samu damar buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan. To ina ga ɗan nazare? Duk wanda ya yi miki zancen Turai a kan ɗan shekara huɗu, jakarki yake kallo.

Ɓangaren iyon ma da nasa maha'intan. Mai shago zai miƙo miki balan-balan ɗin nan da ake hurawa a sa a damtse, ko zoben roba mai hoton agwagwa, ya rantse miki yaro ba zai nutse ba. Kayan wasa ne, suna sacewa, suna zamewa daga hannu, kuma suna sa uwa ta saki jiki. Haka wanda zai ce miki cikin kwana goma yaronki zai iya iyo, kada ki ba shi ko sisi. Kuma kada ki biya kuɗin wata uku a dunƙule kamar yadda na yi, ki ce a bar ki ki zo ki kalli darasi ɗaya tukuna. Wanda ya hana ki kallo, ko ya ce iyaye su jira a waje, ki juya da ɗanki.

In kin je, ki duba ruwan. In ba kya ganin ƙasan tafkin tangararan, ko ya yi kore-kore, kada ya shiga. Ki tambaya ko akwai mai ceto da aikinsa kawai sa ido, ban da malamin da ke koyarwa. Ki ƙirga yaran, in sun wuce biyar ko shida a hannun mutum ɗaya sun yi yawa. Kada kuma wani ya ce miki a kai shi dam ko kududdufi ya koya kyauta, nan ake ɗauko tsargiya, yaro ya dawo yana fitsarin jini. Sannan ko ya iya kwanciya a kan ruwa kamar 'yata, in yana cikin ruwa ki kasance inda hannunki zai kai gare shi, waya a jaka. Darasi yana rage haɗari ne, bai kawar da shi ba.

Ki jira sanyi ya wuce. Ƙaramin yaro jikinsa yana saurin ɗaukar sanyi, in kika fara da hunturu zai yi ta karkarwa ya tsani ruwan. Mu a watan Maris muka fara, da yamma bayan la'asar. Ki tafi da babban tawul, da kayan canji, da ɗan abin da zai ci, don da yunwa suke fitowa.