Mun ba wani kamfani ya tace mana amsoshin ma'aikata, ga abin da na gani

Shekara da shekaru a wurin aikinmu duk ƙarshen shekara sai mun tura wa ma'aikata fom na jin ra'ayi ta Google Forms, su cike, mu sauke a Excel, a fitar da matsakaicin maki a nuna wa oga a mitin, shikenan an rufe fayil sai baɗi. Ni ce nake haɗa rahoton a sashen kula da ma'aikata, kuma abin yana damuna sosai don mutane suna ɗaukar lokacinsu su rubuta abin da ke ransu amma babu abin da yake canjawa. Bana sai aka yarda muka ɗauki wani kamfani mai manhajar tace irin waɗannan bayanai, ba zan kama suna ba don akwai inda zan yi ƙorafi, amma dai ga yadda ta kaya.

Abu na farko da suka yi ko manhajar ba su buɗe ba, tambayoyinmu suka zauna suka duba. Ashe da yawa daga ciki tambaya biyu muke cusawa a guda, kamar "shin albashi da yanayin ofis sun gamsar da kai", to wanda albashi ya masa amma ofis bai masa ba me zai zaɓa? Suka raba su, suka mayar da kusan komai kan ma'aunin nan mai mataki 5 daga "sam ban yarda ba" zuwa "na yarda ƙwarai", wanda Rensis Likert ya fito da shi tun 1932. Sun kuma nuna mana tambayoyi 12 ɗin nan na Gallup, kamfanin binciken ra'ayin jama'a, da ake kira Q12 don mu ga yadda ake gina tambaya, kowacce abu ɗaya take nema, ko ka san abin da ake so ka yi a aikinka, ko kana da kayan aikin da kake buƙata, ko an yaba maka cikin kwana 7 da suka wuce. Wannan gyaran kaɗai ya sa na ji ba mu yi asara ba.

Amma inda suka burge ni da gaske shi ne maganar matsakaici. Matar da aka haɗa mu da ita ta ce a ce mutum 10 kowa ya ba da 3, matsakaici 3 ne, a ce kuma mutum 5 sun ba da 5 sauran 5 sun ba da 1, nan ma 3 ne, alhali na farko wuri ne da kowa ke lallaɓawa, na biyu kuwa gida ne da ya rabu biyu rabi na murna rabi na neman hanyar fita. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don shekarun nan duk lambar da muke kai wa oga kenan. Haka ta yi mana da eNPS, tambayar nan ta ko za ka ba wani shawarar ya zo ya yi aiki a nan, daga 0 zuwa 10. Asalinta ma'aunin kwastomomi ne da Fred Reichheld ya gabatar a 2003 aka aro shi aka ɗora kan ma'aikata. Masu 9 da 10 su ne masu yabo, 7 da 8 'yan ba ruwanmu, 0 zuwa 6 masu suka, sai a cire kason masu suka daga na masu yabo. To a ce kashi 40 na yabo 25 na suka ka samu 15, a ce kashi 20 na yabo 5 na suka nan ma 15, lamba ɗaya amma ciwon ba ɗaya ba.

A allon manhajar kana iya yanka sakamakon yadda kake so, sashe sashe, ko ta daɗewa a aiki, ko masu aikin dare da na rana. Da muka yanka ta daɗewa sai ga shi sababbin shiga suna cikin farin ciki, tsofaffin hannu ma ba laifi, waɗanda ke tsakiya su ne suka yi ƙasa sosai a tambayar ko suna ganin hanyar ci gaba a nan, kuma da na koma na duba takardun waɗanda suka ajiye aiki a 'yan shekarun nan galibi daga wannan rukunin suke. Abin yana gabanmu tuntuni matsakaici ya rufe shi. Akwai kuma wani ɓangare da ke nuna wace tambaya ce ta fi tafiya tare da niyyar mutum ta zama, mu duk mun ɗauka albashi ne zai zo sama, sai ga shi yadda manaja ke sauraron na ƙasa da shi ya fi nauyi. Na ji daɗi da matar ta ja mana kunne cewa tafiya tare ba ita ce hujjar cewa wannan ne ya haddasa wancan ba, alama ce kawai ta inda za a je a yi tambaya baki da baki.

Maganar sirri ma sun riƙe ta da kyau. Duk rukunin da bai kai mutum 5 ba manhajar ba ta nuna sakamakonsa, ko ni da ke riƙe da akawun ɗin ba na gani. Wani manaja ya matsa sai an nuna masa na 'yan ofishinsa su huɗu, suka ce a'a, kuma na goyi bayansu ɗari bisa ɗari don ranar da ma'aikata suka gane ana iya gano wa ya rubuta me, daga ranar kowa 5 zai dinga dannawa.

Yanzu ƙorafina. Ɓangaren da ke karanta sharhin da mutane suka rubuta da hannunsu ya raba shi zuwa yabo da suka bai iya Hausa ba ko kaɗan, kuma ma'aikatanmu da yawa da Hausa suka rubuta ko suka gauraya da Turanci. Mutum ya rubuta "to mun gode Allah dai" injin ya jefa shi cikin masu farin ciki, alhali duk mai jin Hausa ya san wannan "dai" ɗin akwai magana a bayanta. Dole ni da abokiyar aikina muka zauna muka karanta su ɗaya bayan ɗaya muka rarraba da kanmu, kuma ba su faɗa mana wannan matsalar ba kafin mu sa hannu, wannan ya ɓata min rai. Sai kuma kwatanta mu da "sauran kamfanoni" da suke yi, na tambaya waɗanne kamfanoni ne, a wace ƙasa, masu girman nawa, amsar ba ta gamsar da ni ba don haka na cire shafin daga rahoton gaba ɗaya. Haɗa jerin sunayen ma'aikata da manhajar ma ya ci mana lokaci fiye da yadda suka ce.

Duk da haka zan ba su 4 cikin 5 kuma mun sabunta da su. In ma'aikatanku ba su da yawa sosai ba lallai ku buƙaci irin wannan ba, wanda ya iya Excel da kyau zai yanka muku bayanan sashe sashe ya nuna yadda amsoshi suka bazu, abin da za ku kiyaye kawai shi ne dokar mutum 5 ɗin nan. Mu dai abu biyu muka ɗauka daga sakamakon, hanyar ƙarin girma ga 'yan tsakiya da horar da manajoji kan sauraro, mun sanar da ma'aikata a fili cewa daga amsoshinsu aka samo su, kuma bayan wata 3 za mu tura gajeren fom mai tambaya 5 kan waɗannan biyun kaɗai mu ga ko allurar ta motsa.